Tambayoyinku: Wa ɓera ya gaya wa cewa ya ji sauƙi?

A fitowar da ta gabata na ambata a taƙaice cewa kusan duk sabon maganin kashe zogi a yau, kafin a yarda a ba ɗan Adam, sai an gwada shi a jikin dabba, galibi ɓera. Wannan jimla guda ta jawo wasiƙu fiye da sauran shafin gaba ɗaya. Na zaɓi huɗu daga cikin birnin Kano, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA, daga wani dattijo mai sayar da magungunan gargajiya a Kasuwar Kurmi: Assalamu alaikum. Shekarata talatin da 'yan kai ina sayar da saiwoyi da sassaƙe, sana'ar da na gada a wurin mahaifina. Bara wani ɗalibin jami'a ya sayi sassaƙen da nake ba masu ciwon gaɓɓai, ya ce zai gwada shi a kan ɓeraye. Kwanan baya ya dawo ya shaida mini cewa ya rage musu ciwo. Na yi murna, amma abin ya tsaya mini a rai. Ni idan na ba mutum magani, shi ne zai dawo ya ce ya ji sauƙi ko bai ji ba. To shi ɓera wa ya gaya wa? Sannan ko ya halatta in riƙa gaya wa masu saye cewa jami'a ta tabbatar da maganina?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ya tsaya maka a rai shi ne ya tsaya wa masana wannan fanni tun sama da shekara 80, kuma gaskiyar magana ita ce ɓera bai gaya wa kowa ba. Babu wata na'ura da ake manna wa dabba, ko ma mutum, ta nuna yawan zogin da yake ji kamar yadda ma'aunin zafin jiki ke nuna zazzaɓi. A asibiti ma tambayar majinyaci ake yi ya kimanta ciwonsa tsakanin sifili da goma, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da yake ɓera ba shi da bakin faɗa, abin da ake aunawa a wurinsa shi ne abin da ya yi sa'ad da aka taɓa shi da zafi ko matsi ko wani ruwa mai raɗaɗi, daga nan sai mai bincike ya yi kirdadon abin da ya ji.

Masana sun raba abin gida biyu. Akwai saƙon gaggawa da jijiyoyin fata ke aikawa zuwa laka idan wani abu na neman yi wa jiki lahani, wanda shi ke sa ka janye hannu daga murfin tukunya tun kafin ka ankara cewa ka ƙone. Masanin Ingila Charles Sherrington ne ya fayyace shi a 1906. Akwai kuma azabar da ke biyo baya, wadda ƙwaƙwalwa ke haɗawa, ta zo da damuwa da hana barci. Tsofaffin gwaje-gwaje sun fi kama na farkon. A 1941 D'Amour da Smith a Amurka suka fito da dabarar haska wutsiyar ɓera da fitila mai zafi, a ƙirga daƙiƙoƙin da zai ɗauka kafin ya fizge ta. Wannan fizgewa aikin laka ce, har dabbar da aka yanke hanyar da ke tsakanin lakarta da ƙwaƙwalwarta ma tana yin ta. A 1944 aka samu gwajin faranti mai zafi, wanda aka gyara a 1953 ya zama yadda ake yin sa yanzu: a ɗumama farantin ƙarfe zuwa digiri 52 ko 55, a ɗora ɓera a kai cikin wani bututun gilashi, a tsaya da agogo har ya lashi ƙafarsa ta baya ko ya yi tsalle, nan take a ɗauke shi. Idan daƙiƙa 30 suka cika bai yi komai ba, ɗauke shi ake yi duk da haka, don kada ya ƙone. Maganin da ya tsawaita wannan jira, sai a ce ya rage jin zafi.

Na matsi kuwa ya girmi waɗannan. Max von Frey na Jamus, a wajajen 1896, yana taɓa fatar mutane da silin gashi masu kauri daban-daban. Yau da zaren roba ake yi, kowane sili an san nauyin da yake lanƙwashewa a kansa. Ana ajiye ɓera a kan ragar waya, a riƙa taɓa tafin ƙafarsa ta ƙasa. Lafiyayyen ƙaramin ɓera, mai nauyin giram 20 zuwa 30, yakan janye ƙafa a wajen nauyin giram ɗaya, amma wanda jijiyarsa ta samu rauni yakan janye ta da abin da bai kai kusa da haka ba. Masu ciwon suga da ke zuwa asibiti sun san ɗan'uwan wannan sili, mai giram 10, da ake taɓa musu tafin ƙafa da shi.

Amma na fi zaton ɗalibin naka, Baba, da wasu gwaje-gwaje biyu ya yi aiki, domin su ne suka fi araha, su ne kuma suka cika kundayen ɗalibanmu. A na farko, wanda ya samo asali tun shekarun 1950, ana ɗura wa ɓera asid ɗin da ke cikin ruwan khal, an sirka shi ya koma kamar 0.6 cikin ɗari, ta allura a ciki. Bayan 'yan mintoci sai ya fara murɗa ciki, yana miƙa ƙafafun baya yana manna cikinsa da ƙasa, mai bincike yana ƙirga sau nawa ya yi. A na biyu, na 1977, ana sa ɗigon fomalin (ruwan da ake adana gawa da shi) da aka sirka a tafin ƙafa, a auna tsawon lokacin da ɓeran ya ɓata yana lasar wurin. Wannan ya fi na farko faɗakarwa, saboda raɗaɗin zuwa biyu yake yi: na minti biyar na farko, wanda taɓa jijiya ne kai tsaye, sai ya lafa, sannan ya dawo daga wajen minti 15 tare da kumburi. Mofin, maganin zogi mai ƙarfi na asibiti, yana danne duka biyun, asfirin da danginsa kuwa na biyun suka fi kamawa, don haka gwajin yana ɗan nuna ta inda magani ke bi. A duka, ana raba ɓerayen rukuni-rukuni: wasu a ba su ruwan gishiri kawai, wasu sanannen magani, sauran kuma sassaƙenka a ma'auni daban-daban, sannan a kwatanta.

Ga inda gizo ke saƙa. Ɓeran da magani ya sa shi gyangyaɗi, ko ya kashe masa jiki, shi ma ba zai murɗa ciki sosai ba, ba kuma zai yi saurin tsalle daga faranti ba, alhali zogin yana nan. Gwajin ruwan khal ya yi ƙaurin suna a kan haka, domin magunguna da yawa da ba su da alaƙa da kashe zogi suna cin sa. Mai bincike na ƙwarai yakan ɗora ɓerayen a kan sanda mai juyawa ya ga ko za su iya riƙe kansu kamar sauran. Idan ɗalibin ya sake zuwa, tambaye shi ko ya yi wannan.

Game da tambayarka ta biyu, ina ba ka shawara kada ka faɗi haka. Shi ɗalibin mai yiwuwa ya tatso sassaƙen da wani sinadari ne ya yi allurarsa a cikin ɓera, kai kuwa jiƙawa ko dafawa kake cewa a yi a sha, kuma abin da ke fita ta hanyoyin nan biyu ba lalle ya zama ɗaya ba. Gwajin awa guda bai ce komai a kan abin da hanta da ƙoda za su gani bayan wata shida ana sha ba, kuma rajistar magani aikin hukumar NAFDAC ne. Labarin tafashiya, wadda na san ba ta rasa a rumfarka, ya isa misali. A 2013 wasu masu bincike suka bi diddigin abin da ke kashe wa ɓeraye zogi a saiwarta da aka haƙo a arewacin Kamaru, suka tarar da tiramadol, suka shelanta cewa itacen ne ke ƙera shi. A 2014 wasu daga Jamus suka nuna cewa mutanen yankin suna shan tiramadol na kanti, suna kuma ba shanun noma, fitsari da kashinsu na shiga ƙasa, saiwa tana zuƙa. Ɓerayen ba su yi ƙarya ba, maganin yana ciki, amma daga kanti ya fito. Abin da za ka iya faɗa ba tare da ƙari ba shi ne an gwada sassaƙen a kan ɓeraye, an ga alamar da ta cancanci a ci gaba da bincike.

TAMBAYA, daga wata ɗalibar ajin ƙarshe a fannin haɗa magunguna, Rijiyar Zaki: Malam, ni da abokin karatuna namiji muna aikin kammala digiri da faranti mai zafi. Ɓeraye ɗaya, faranti ɗaya, amma idan shi ya auna sai su daɗe kafin su lashi ƙafa, idan ni na auna sai su yi sauri. Haka kuma alƙaluman da muka samu a watan Janairu sun saɓa da na Afrilu. Mai duba aikinmu ya ce lalle ɗayanmu yana sakaci. Ni dai na san ina kiyayewa. Me ke faruwa?

AMSA: 'Yata, mai yiwuwa ne babu mai sakaci a cikinku, kuma abin da kika lura da shi ya taɓa zama bincike mai zaman kansa. A 2014 ɗakin binciken Jeffrey Mogil a Jami'ar McGill da ke Kanada ya nuna cewa ɓeraye suna nuna ƙarancin ciwo idan namiji ne a ɗakin. Ba sai ma mutumin yana nan ba: rigar da namiji ya kwana da ita, idan aka ajiye ta kusa da keji, ita ma tana yin haka, rigar mace kuwa ba ta yi. Warin namiji, na mutum ko na wata baƙuwar dabba, yana ɗaga sinadarin fargaba a jinin ɓera, ita kuwa fargaba tana danne zogi na ɗan lokaci, kamar yadda wanda ya faɗo daga babur a tsakiyar titi yakan tashi da gudu, sai ya kai bakin hanya sannan ya ji ƙafarsa. Tasirin yana gushewa cikin ƙasa da awa guda idan mutumin ya zauna a ɗakin. Tun kafin nan, a 2002, wannan ɗakin ya koma kan gwajin wutsiya sama da 8,000 da ya tara cikin shekaru, yana neman abin da ya fi sauya sakamako, sai ya tarar cewa wanda ya yi awon ya fi nau'in ɓeran tasiri. Bayansu sai lokacin shekara, da laimar iska, da yawan ɓeraye a keji, da lokacin yini, har da wane ɓera aka fara ɗauka daga keji.

Wannan na ƙarshe yana da dalili. A 2006 an nuna cewa ɓera yana ƙara murɗa ciki idan yana ganin abokin zamansa na keji cikin irin wannan hali, amma ba ya yin haka da baƙon ɓera. Saboda haka kada ki yi gwaji a gaban waɗanda ke jiran layi.

Maganar Janairu da Afrilu kuwa ba ta buƙatar dogon bayani ga ɗan Kano. Ƙa'ida ita ce ɗakin dabbobi ya tsaya tsakanin digiri 20 da 26, mu kuwa a bazara zafi yana kai 40, da asubahin hunturu kuma ya sauko ƙasa da 15. Fatar da ta riga ta ɗumama ta fi saurin kai wa inda zafi zai cije ta, don haka ɓeran Afrilu zai riga na Janairu janyewa ko da ba a ba kowannensu komai ba. Ki ƙara da ɗaukewar wuta, da ƙarar janareta, da cewa ɓera dabbar dare ce, mu kuma muna tashinsa da rana tsaka, lokacin barcinsa, mu ce ya ba mu alƙaluma.

Abin da za ku yi ba ya cin kuɗi. Mutum ɗaya ya yi dukan awon, a lokaci ɗaya na yini, bayan ɓerayen sun yi aƙalla rabin awa a ɗakin tare da shi, a kuma rubuta zafin ɗakin kowace rana. Kada a auna rukunin ruwan gishiri a wata ɗaya, na magani a wani watan. Kowace rana a gauraya su. A raba ɓeraye cikin rukunoni da ƙuri'a, domin wanda ya fi sauƙin kamawa a keji ba irin wanda ya fi gudu ba ne. A daina ɗaga su ta wutsiya, domin binciken da aka yi a Jami'ar Libaful a 2010 ya nuna cewa ɗaukarsu a cikin ɗan bututu ko a tafin hannu yana rage musu fargaba ƙwarai. Mafi muhimmanci, tunda ku biyu ne, ɗaya ya yi allura ya sa wa ɓeraye lamba, ɗayan ya riƙe agogo ba tare da ya san wane aka ba me ba. Na taɓa duba kundin da kowane ma'auni na tsiron ya fi na ƙasa da shi aiki daidai wa daida, kamar matakalar bene. Da na tambaya, sai na tarar mai ƙirgawa shi ne mai allura. Ban ce ya yi ha'inci ba, amma wanda ya san wane ɓera yake fata ya daɗe, babban yatsansa yakan yi nauyi a kan agogo ba da saninsa ba.

Ki kuma rubuta ko maza ne ko mata. Wani nazari na 2005 ya samu cewa kashi 79 cikin ɗari na binciken dabbobi da aka buga a babbar mujallar fannin cikin shekara goma da maza zalla aka yi su, sai ga shi a 2015 an gano cewa ƙwayoyin garkuwar jiki da ke riƙe ciwon jijiya a lakar namijin ɓera ba su ne ke riƙe shi a ta mace ba. Daga 2016 hukumar da ke ba da kuɗin binciken lafiya a Amurka ta wajabta a yi la'akari da jinsi biyun. Ki kai wa mai duba aikinku waɗannan cikin ladabi, ki roƙe shi ya bar ku ku sa bambancin a cikin kundin maimakon ku ɓoye shi.

TAMBAYA, daga wata uwa a Gwammaja: Ɗana mai shekara tara yana da sikila. Ciwonsa cikin dare yake tashi, babu wanda ya taɓa shi, musamman da sanyi. Na ji an ce akwai ɓeraye masu sikila da ake gwada magani a kansu. Idan tsokanar ɓera ake yi a ga ya janye ƙafa, ta yaya hakan zai nuna irin ciwon ɗana?

AMSA: Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya, ya ba ki ladan jinya. Kin sa yatsa a kan babban gurbin da ke cikin tsofaffin gwaje-gwajen. Abin da ke kai mutane asibiti galibi ciwo ne da ke ci shi kaɗai, su kuwa faranti da sili suna auna martanin tsokana ne. Ga shi kuma ɓera dabba ce da kyanwa da shaho ke farauta, ɗabi'arsa ce ya ɓoye rauni muddin yana jin ana kallonsa.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma abin da aka yi ke nan a 2010. Ɗakin binciken Kanada da na ambata ya ɗauki hotunan fuskokin ɓeraye da bidiyo, ya fitar da alamomi biyar na yamutsa fuska: runtse ido, kumburin karan hanci, kumburin kumatu, kwantar da kunnuwa baya, da sauyin tsayuwar gashin baki. Kowace alama ana ba ta maki 0 ko 1 ko 2, mai ba da makin kuma bai san wane ɓera yake kallo ba. Abin da ya sa masana suka ɗauki ma'aunin da daraja shi ne, da aka lalata wani ɓangaren ƙwaƙwalwa mai alaƙa da damuwar ciwo, ɓerayen sun ci gaba da murɗa ciki amma yamutsa fuskar ta ragu, alamar cewa fuskar ta fi kusa da azabar kanta. Daga baya an yi irin wannan ma'auni ga zomo da doki da tumaki da kyanwa, abin da ba zai ba mai kiwon raguna mamaki ba, tunda ya daɗe yana gane marar lafiya ta ido da kunne. Ma'aunin ya fi aiki ga ciwon mintoci zuwa awoyi, yana rauni ga wanda ya daɗe.

Ana kuma duba abin da ciwo ya hana. Lafiyayyen ɓera, idan aka ba shi auduga, yakan yage ta ya gina sheƙa mai kyau, idan aka ba shi bututu cike da tsakuwa ko abinci yakan tone shi. Mai ciwo yana barin waɗannan, kamar yadda yaronki ke barin wasa da abinci, idan kuma maganin ya yi aiki sai ya koma musu. A nan maganin da ke sa barci ba zai iya yaudara ba, tunda mai gyangyaɗi ba ya gini. Akwai ma dabarar da ta fi kusa da tambayar dabbar kai tsaye, wadda aka nuna a Arizona a 2009 da manyan ɓeraye: akwati mai ɗaki biyu, a ɗaya ake ba da magani, a ɗayan ruwan gishiri, daga baya a buɗe ƙofa. Mai ciwo yakan koma ɗakin da ya samu sauƙi, lafiyayye kuwa bai damu da ko wanne ba.

Ɓeraye masu sikila gaskiya ne. A 1997 ɗakunan bincike biyu a Amurka suka samar da ɓerayen da aka cire musu nasu sinadarin jan jini aka sa na ɗan Adam mai sikila. Sun fi sauran ɓeraye jin sanyi da zafi da matsi, ƙarfin damƙarsu ya ragu, ciwon kuma yana ƙaruwa idan aka rage musu iskar shaƙa sannan aka mayar, wanda shi ne mafi kusa da tashin ciwo irin na ɗanki. An koyi abu da yawa a kansu, amma ba na so in ɗaga miki rai fiye da kima. Maganin kirizanlizumab, mai hana ƙwayoyin jini mannewa a bangon jijiyar jini, tunaninsa ya samu ƙarfi daga irin waɗannan ɓeraye, Amurka ta amince da shi a 2019, amma a 2023 Tarayyar Turai ta janye izininsa bayan wani gwaji a kan mutane bai nuna ya rage tashin ciwo ba. Wanda ya daɗe da tabbata shi ne haidiroksiyuriya, wanda gwajin 1995 a kan manya ya nuna ya rage tashin ciwo da kusan rabi, an kuma yi bincike a kansa a nan Kano, a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Ki tambayi likitan yaron ko ya dace da shi.

TAMBAYA, daga wani malamin Islamiyya a Gwale: Na karanta cewa ana ɗora ɓera a kan ƙarfe mai zafi da gangan. An ruwaito cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Shin wannan ba zalunci ba ne?

AMSA: Allah ya gafarta Malam, fatawa taku ce, ni iyakata in bayyana yadda abin yake. Kun fi ni sanin cewa ɓera yana cikin dabbobi biyar da aka halatta kashewa ko a Harami, kun kuma fi ni sanin hadisin da ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Halaccin kashewa bai zama lasisin azabtarwa ba, kuma a kan wannan gaɓa dokokin fannin suka tsaya. A 1959 Russell da Burch a Ingila suka shimfiɗa ƙa'idoji uku: a musanya dabba da wata hanya duk inda zai yiwu, a rage yawan waɗanda za a yi amfani da su, a kuma tausasa yadda ake yi. A 1983 ƙungiyar masu nazarin ciwo ta duniya ta ƙara nata sharuɗɗa, ciki har da a yi amfani da mafi ƙarancin zafin da zai wadatar, a taƙaita lokaci, kada kuma a shanye mata jiki da magani tana farke. Ana buƙatar kwamitin ɗa'a ya duba aikin kafin a fara.

Gwaje-gwajen ba ɗaya suke ba wajen tsanani. A faranti da sili da fitilar wutsiya, ɓeran ne da kansa ke kawo ƙarshen abin da zarar ya janye, cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba tare da rauni ba. A ruwan khal da fomalin kuwa ba shi da mafita har sai raɗaɗin ya lafa, shi ya sa ba a maimaita su a kan ɓera ɗaya, kuma da an gama ake kashe shi ta hanya mai sauri, a hannun wanda aka horar. A ganina, inda tambayar Malam ta fi cizo shi ne gwajin da aka yi shi da sakaci, ko aka maimaita shi a kan tsiron da an riga an gwada sau da dama, don kawai a cika sharaɗin digiri, domin a nan ɓeraye sun sha wuya, babu kuma majinyacin da zai amfana.

Cikin sharuɗɗan 1983 akwai wanda ya ce mai bincike ya fara gwada zafin a jikinsa idan zai yiwu. Ni duk ɗalibin da zai ɗora ɓera a kan faranti a gabana, sai ya fara ɗora bayan yatsunsa a kai ina riƙe da agogo, kuma yawancinsu ba sa kai daƙiƙa goma.